Na Koma Yankan Kifi

Sindre,

Ban tashe ka ba don na san za ka hana ni fita.

Jiya na sake kiran ofishin inshora kan kuɗin jinyar hannuna. Matar ta ce wai takardar likita ba ta iso ba. Na ce, "Baiwar Allah, sau nawa za a turo muku ita?" Ta ce, "Sai haƙuri, kowa ma jira yake."

Na gaji da duba asusu. Maigidanmu na wurin aiki, Oddvar, ya ce in dawo yankan kifi yau. Na san da na koma masu inshora sun rufe maganar ke nan. Dama ba biya za su yi ba.

'Yarmu Tuva ta karya kumallo, tana falo. Ka taje mata gashi kafin makaranta. Na gwada, na kasa riƙe matajin.

Gunnhild