Randar da Baba Ya Binne wa Eteri

Telavi, ƙasar Jojiya, ƙarshen kaka

Zuwa ga yayana Otar,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali, Allah Ya sa aikin ginin nan na Girka bai tayar maka da ciwon baya ba. Mu nan lafiya lau. An gama yankan inabi, hannuwana har yanzu baƙi ƙirin suke.

Yaya, na kasa kiranka ne don bakina ba zai iya faɗa ba. Randar giyar inabin da marigayi Baba ya binne ranar da aka haifi 'yarka Eteri, wadda ya ce kada a taɓa sai ranar aurenta, an buɗe ta ranar Asabar. Kada ka ɗora wa mijina Gocha, ni ce da hannuna.

Wasu baƙi ne masu yawon ganin gonakin inabi suka tsaya tambayar hanya, Gocha kuwa ka san halinsa, kafin su rufe baki ya jawo su kan tebur. Yana ta ɗaga kofi yana zuba jawabi, sai da aka zo kofin tunawa da waɗanda suka rasu na ɗaga buta na ji wayam. Giyar bara ta ƙare, ta bana ba ta nuna ba. Ga wani tsoho ɗan Japan ya miƙe da kofinsa, mai yi musu fassara ta ce matarsa ce ta tsara wannan tafiya, ta rasu kafin lokaci ya zo. Kai ma ka san ba a ambaton mamaci a teburinmu da busasshen kofi. Kunya ta rufe ni, na nufi randar Baba. Gocha ya biyo ni yana cewa wai na haukace ne, in leƙa gidan maƙwabciyarmu Nunu mana in aro. Na ce masa Allah Ya kiyaye, in aro Nunu ta yi ta yi mini gori har Kirsimeti? Ka ji abin da ya kai ni, Yaya. Girman kai ne, ba tausayi ba.

Sai da yumɓun da aka liƙe bakin randar ya tsage na tuna shatin tafin Baba yana kai. Ya farfashe gutsu-gutsu. Giyar ta yi daɗin da ban taɓa ji ba, tsohon ya sha yana hawaye. Mama ta ɗanɗana, ta dube ni, ta shige ɗaki. Har yau ba ta yi mini faɗa ba, gara ma ta zage ni.

Sauran na juye a kwalabe na toshe, zai kai bikin. Gocha ya ce a kwaɓa sabon yumɓu ya danna hannunsa, wa zai gane? Na ce da wannan hannun naka kamar shebur? Ba zan ƙara ƙarya a kan laifi ba. To amma jiya Eteri ta kira ni tana ta murna, ta ce ranar biki kafin a fasa, so take ta ɗora tafinta a kan na kakanta, tunda ba ta tashi ta gan shi ba. Na ce mata Allah Ya kai mu. Na ajiye wayar na zauna a ƙasa.

Ka yi mini izini ni in gaya mata, kada ta taho da wannan buri. Ka gaishe mini da matarka Manana da autanku Luka. Eteri kuwa kada ka ce ina gaishe ta tukuna, ban cancanta ba.

Ƙanwarka mai neman gafara,
Tsiala