Sun Ce Sun Jiya

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hajo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa irin wadda ɗa ke yi wa mahaifiyarsa, ina roƙon Allah ya haskaka makwancinki. Na san takarda ba ta zuwa inda kike, ko da kina raye ma sai na karanta miki da bakina. Amma tun shekaranjiya hankalina bai kwanta ba, kuma ban saba kai damuwata wurin kowa ba sai wurinki.

Kin tuna gamanarki ta cikin kwari, inda kike shuka kuɓewa da yakuwa, da rani a dasa albasa? Tun da mijin autarki Rabi ya rasu, ita ke nomanta. Da ita take ciyar da yaranta, ba ta da wani abin.

Bayan rasuwarki an kawo mana majalisar raya gari. Aka ce daga yanzu gwamnati ba ta yin komai sai ta tambayi talaka. Aka zaɓi wakilin samariya da wakiliyar mata, aka sa maigari a gaba. Kin san ni da saurin yarda. Har tsayawa na yi gaban yaran lakkwal, makarantar bokon da nake koyarwa, ina gaya musu ƙasa ta gyaru, suna tafa mini.

Shekaranjiya kumandan, mai mulkin yankinmu, ya zo daga garin Buza. Aka share gindin bedi, aka shimfiɗa tabarmi, samariya suka yi kiɗa. Hausarsa ba ta wuce gaisuwa ba, tafintansa kuma ba shi da lafiya, sai aka ce a kira mushe, wato ni malamin lakkwal, tunda ni ke da Faransanci a garin. Kumandan ya ce za a kewaye kwarin da waya a yi gonar gwaji, masu gamana kuma a ba su wuri bisa fako. Kin san fakon, tsakuwa ce zalla. Ya ce majalisa ta faɗi ra'ayinta.

Can sai Baba Ɗan Jimma, wanda ya fi kowa shekaru, ya gyara murya ya ce, "Ranka shi daɗe, mun jiya." Maza suka amsa masa.

Inna, a wurinki na koyi wannan kalma. Ranar da mahaifinmu ya ce a cire ni daga lakkwal in koma gona, cewa kika yi, "Na jiya, Malam," kika ci gaba da tankaɗe. Da safe kika wanke mini fuska, kika raka ni har ƙofar aji. In kin yarda da abu "to, madalla" kike cewa. Duk ƙasar Adar an san bambancin.

Kumandan ya juyo ya tambaye ni ko sun yarda. Na san tafintoci "dakor" suke cewa, wato an yarda, a tashi lafiya. Sai na hango Rabi can baya cikin mata. Na ce masa sun ce sun ji, amma ba su ce sun yarda ba, kuma a nan in mutum ya faɗi haka ransa bai so ba.

Ya cire tabarau. Ya ce in gaya musu duk wanda bai yarda ba ya miƙe. Da bakina na faɗa. Baba Ɗan Jimma ya ci gaba da jan carbi. Maigari ya zuba wa takalminsa ido. Rabi ta yunƙura, wakiliyar mata ta riƙe mata zane. Ban ga laifin kowa ba, gardi biyu na bayan kumandan da bindiga. Kumandan ya duba dama, ya duba hagu. Ni kaɗai ke tsaye, don tafinta a tsaye yake aikinsa. Ya tambayi sunana.

Jiya aka aiko gardi, wai ana nemana Buza ranar Alhamis. Ban san ko wani ƙauye mai nisa za a jefa ni ba, ko kuwa abin ya fi haka. Tsoro nake ji, Inna, ba na ɓoye miki.

Baba Ɗan Jimma ya tare ni bayan la'asar. Na zaci godiya zai yi. Ya ce, "Mushe, da ka yi kurum. Mu da mun ja maganag ga har damana ta wuce, a canza kumandan, a manta. Yanzu ka sa ya san da mu." Tun daga nan nake juya maganar. Ashe watakila su suna kare kwarin ta hanyarsu, ni na zo da gaskiyata na buɗe musu baya. Amma in haka ne, mene ne amfanin majalisar? A tambaye mu, mu ɓoye, su ma su yi kamar sun ji?

Ɗazu Rabi ta shigo da albasa cikin ƙwarya, ta aje, ba ta zauna ba. Ta ce, "Yaya, can za su tambaye ka wa bai yarda ba. Kak ka ce ba ka sani ba. Ka hwaɗi sunana." Ta fita kafin in amsa.

In na faɗa, na miƙa musu marayu da uwarsu. In na yi shiru, za a rubuta cewa a garin nan ba wanda ya ƙi sai wani malami mai surutu, a kawo waya. Ke kika haife mu duka, da kina nan da kin raba mana.

Allah ya jiƙanki, Inna, ya yi miki rahama, ya sa Aljanna ce makomarki. Allah ya tsare Rabi da yaranta, ni kuma ya nuna mini abin da zan ce ranar Alhamis, don har yanzu ban sani ba.

Ɗanki,
Isufu