Ruwa a Layi na Tara

Zuwa ga Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, da Anti da yara.

Sakamakon awon da ka aiko bai yi daidai da lissafina ba. Ka san aikin digirina: ina sa kwamfuta ta kwaikwayi yadda amino asid, tubalan ginin furotin, ke tarwatsewa idan suna shawagi su kaɗai a yanayin gas. Wata huɗu tana lissafi, ta ce ɓangaren ammoniya ne ke fara ɓallewa. Injin awon sinadarai da kake kula da shi a wurin aikinku kuwa ya ce ɓangaren asid ne. Farfesa ya sa na rubuta wa shugabanku ƙorafi. Kada ka ji haushi, amma yaushe rabonka da wanke injin nan?

Ƙanwarka, Auta.

Auta,

Muna lafiya. Ƙorafinki ya yi aiki. Shugaba ya karɓe makullin ɗakin injin, ya tura ni sito ina jera kwalabe, kafin kwamiti ya zauna a kaina ƙarshen wata. Shekara goma sha ɗaya ina awo, ba a taɓa dawo min da takarda ba. Kafin in miƙa makullin sai da na kwance injin, na wanke, na sake awo sau uku. Amsa ɗaya ce. Na ji zafi, ba zan ɓoye miki ba.

Antinki na gaishe ki. Ni ma, da ƙyar.

Yayanki.

Yaya,

Ina gaisuwa, kaina a ƙasa. Laifina ne.

Fayil ɗin da nake ba kwamfuta umarni da shi, gadonsa na yi daga ɗalibar da ta riga ni a teburin nan. Haka kowa ke yi a ɗakin bincikenmu: ka kwafa, ka canza sunan sinadari, ka tura. Ita nazarin sinadarai a cikin ruwa ta yi, kuma layi na tara yana nan yana cewa a kewaye komai da ruwa. Wata huɗu ke nan ina jiƙa abin da nake rantsuwa a gas yake. Na goge layin, na gwada da mafi ƙanƙantar amino asid ɗin. Bayan kwana biyu kwamfutar ta ba da amsarka sak.

Idan na faɗa, babi uku na kundina sun tashi a banza, digirin sai baɗi. Farfesa bai sani ba tukuna. Tsoro nake ji.

Taka, Auta.

Auta,

Na gani. Ba zan ce ki faɗa ba, ba zan ce ki yi shiru ba. Kwamiti dai ranar Alhamis ne, ƙarfe goma. Ki riƙa cin abinci.

Yayanki.

Yaya,

Barka da war haka. Na faɗa wa Farfesa. Ya daɗe yana goge tabarau, sannan ya sa hannu a takardar janye ƙorafin. Ta tafi wurin shugabanku yau, kafin kwamiti ya zauna.

Kayan da ka ɗinka don bikin kammalawata, ka ajiye su sai baɗi. Kada dai ka ƙara ƙiba.

Ka yafe ni.

Auta.