Akwatin littattafai yana ƙarƙashin gado

Baban Tiyamike,

Ka dawo a gajiye, kana barci, ban tashe ka ba. Na tafi gidan Fasto.

Jiya Dattijo Nkhoma ya iske yara suna karanta tatsuniyar zomo a makarantar Lahadi. Ya fizge littafin daga hannun Tiyamike, ya ce, "Nan coci ne ko dandali? Gobe duk zan ƙone su!" Yarinyar ko kuka ta kasa.

Na ɗauko akwatin littattafan daga coci ban tambayi kowa ba. Yana ƙarƙashin gadonmu. Yi haƙuri, na san Dattijo Nkhoma kawunka ne.

In ya zo, kada ka ba shi, kada kuma ka yi masa ƙarya. Ka ce ya jira ni.

Yaran za su zo karatu ƙarfe huɗu. Ka shimfiɗa musu tabarma.

Esinati