Na Sa Sunan Kakan Maƙwabcinmu a Littafina

Assalamu alaikum. Don Allah a ɓoye sunana, kuma a karanta har ƙarshe kafin a zage ni.

Ni marubuciya ce a Jalingo. Ina da littafi kashi uku da nake turawa a waya, labarin yadda ƙasarmu za ta kasance da a ce Turawa ba su taɓa haye Binuwai ba. A ciki akwai maci amana da ya so nuna musu mashigin ruwa. Na rasa sunan da zan ba shi, sai na ɗauki na kakan Bappa, dattijon maƙwabcinmu a unguwar Mayo Gwoi, har da sunan ƙauyensu, don kawai ya yi mini daɗi a baki. Da wani malamin tarihi ya rubuta cewa ina cakuɗa ƙarya da sunayen mutanen gaske, kunya ta kama ni. Maimakon in ce ƙirƙira ce, sai na amsa a bainar jama'a cewa daga bakin kakata na ji. Kakata ta rasu, wa zai ƙaryata ni? Mutane suka goya mini baya, suka yi wa malamin ca.

Magana ta bar waya ta shiga unguwa. Aka fara nuna gidan Bappa da baki, ya daina zama a majalisa. Wata rana da la'asar ya tare ni a ƙofar gida, ya ce, “'Yata, da gaske kakarki Inna ce ta gaya miki? A hannunta na girma, ba ta ƙarya. In ita ta faɗa, to haka ne.” Na ce, “Eh, Bappa.” Ya gyaɗa kai ya ce Allah ya yafe wa kakansa.

Da damina Bappa ya rasu yana ɗauke da wannan. Yanzu ko na zauna rubutu muryarsa nake ji, tabarmarsa ma ba na iya kallo. Na yi wa matattu biyu ƙarya, kakata da kakansa, na ukun ya tafi da ita kabari. Wa zan roƙa gafara?

'Yarsa har yau tana gaishe ni, idonta a ƙasa, kamar ita ce mai laifi. In na fito na faɗi gaskiya, ta san ni na ƙuntata wa mahaifinta a ƙarshen rayuwarsa. In na yi shiru, 'ya'yanta su gaji abin kunyar da ni na ƙaga.

Me zan yi?