Ɗan Mai Wankau

Auta,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya. Takardar tambayoyin bincikenki ta iso makarantarmu, mun cike a ofishin malamai. Sai dai mai buga muku takardu ya yi shirme. Na leƙa ta malamin lissafi na gwada da tawa, yaro ɗaya ne, maki ɗaya, tambaya ɗaya: za ka sa shi a jarrabawar makarantar haziƙai? Amma a wata an ce uwarsa likita ce, a wata mai wankau. Duk karatun naki a nan ya ƙare? Ki gyara kafin manyanki su gani. Ki gaida maigidan.

Yayanki

Yaya,

Ina gaisuwa, ya ɗalibai? Ba kuskure ba ne, haka aikin yake. Da na tambaye ku ko kuna fifita 'ya'yan masu hali, kowa zai rantse ba ya yi. Shi ya sa muka buga iri biyu, muka cakuɗa, kowa ya ɗauki wadda ta faɗo masa. Layin uwar kaɗai muka canza.

Malamai ɗari huɗu suka amsa. Ɗan likita, takwas cikin goma sun ce a sa shi. Ɗan mai wankau, uku. Sai da na sake lissafa alƙaluman nan sau biyu.

Ka yafe mini abu ɗaya. Makin nan naka ne. Daga katin sakamakonka na aji shida na kwafa, wanda Inna ta ajiye a akwatinta, ƙarƙashin dutsen guga na sana'ar wankaunta. Shekara talatin kana tsine wa malamin da ya ƙi sa sunanka a jarrabawar haziƙai, na so in nuna maka ba shi kaɗai ba ne. Babu suna a takardun, ban san amsar kowa ba. Allah ya bar zumunci.

Autarku

Auta,

Na gode da gaisuwa. Ta mai wankau ce ta faɗo mini. Na zaɓi a'a. Har na ƙara da hannuna a ƙasa: kada a ɗora wa yaro abin da gidansu ba zai iya ba.

Shekara goma sha tara ni ke fitar da sunayen yara biyar na jarrabawar haziƙai duk shekara a makarantar nan. Tun jiya nake tuno fuskokin waɗanda na tsallake, wasu ko sunansu ya ɓace mini. Wallahi na ɗauka tausayi nake yi.

Shugaban makaranta yana jiran na bana ranar Litinin. Rajista na gabana, na kasa rubuta ko ɗaya, don na san sana'ar uwar kowa.

Kada ki gaya wa Inna. Ki huta lafiya.

Yayanki