Manhajata da Ciwon Yaya

Litinin, 3 ga Maris

Shugaban sashenmu ya tare ni a bakin ofis, baki har kunne. Wai manhajar da na ƙirƙira, mai duba ƙwayoyin halittar ciwon daji ta faɗi ko magani zai yi wa mutum aiki, masu bincike sai ambatonta suke a rubuce-rubucensu, asibitoci ma sun karɓe ta. "Dakta, kin fitar da mu kunya," in ji shi. Kaina ya fasu, ba zan ɓoye ba. Na kira Yaya in yi mata burga, ta ce, "Auta, ke da kwamfutar nan taki sai Allah." Muryarta can ƙasa. Wai gajiya ce.

Alhamis, 13 ga Maris

Ba gajiya ba ce. Ciwon daji ne, kuma ya bazu. Ita da ta goya ni bayan rasuwar Mama.

Talata, 18 ga Maris

Likita ya juyo mana da fuskar kwamfutarsa. Tun kafin ya buɗe baki na gane shafin, ni na zaɓi shuɗin launin nan da hannuna. Ya ce wa Yaya, "Baiwar Allah, manhajar nan ta nuna maganin ba zai yi miki aiki ba, wahala kawai zai ƙara miki." Bai san ko ni wace ce ba. Zan yi magana Yaya ta taka mini ƙafa.

A mota ta ce, "Ashe dai aikin naki na gaske ne, na ɗauka danne-danne kawai kike yi." Har da dariyarta. Ni kuwa sai da na tsaya gefen titi, hawaye sun hana ni ganin hanya.

Asabar, 22 ga Maris

Ina bin lissafin layi-layi. Tsawon aikina addu'ata kada a samu kuskure a ciki. Yau kuskuren nake roƙon Allah ya nuna mini, ko ƙanƙani ne.

Laraba, 26 ga Maris

Babu. Na ba abokin aikina ya sake gwadawa, ban ce masa bayanan wa ne ba. Ya dawo yana murna: "Aikinki tsaf yake, ba inda za a kushe." Kamar in kwaɗa masa mari. Bawan Allah, me ya sani?

Lahadi, 30 ga Maris

Na durƙusa gaban gadonta na roƙe ta ta karɓi maganin haka nan, ai lissafi ba wahayi ba ne. Ta daɗe tana kallona.

"Auta, da yayar wani ce kwance a nan, me za ki ce mata?"

Na san amsar, ita ma ta san na sani.

"To ni ma ki faɗa mini shi. Kada ki cuce ni don kina sona."

Na fita na bar mata ɗakin. Fushi nake, ban ma san da wa ba.

Juma'a, 11 ga Afrilu

Yau ta fito tsakar gida da ƙafarta, ta ci abinci, har ta yi wa jikokinta faɗa a kan takalman da suka watsar a bakin ƙofa. Ta rame sosai, amma ita ce.

Da la'asar likita ya kira. Ya ce in mun matsa, har yanzu zai iya fara mata maganin. Na ce masa a'a, a bar ta. Ni na faɗa, da bakina, muryata ko rawa ba ta yi ba.

Barci take lokacin. Na ɗauko abin yankan farce na zauna gefenta, ina jira ta farka in yanke mata.